Ba Nepa Kaɗai Ke Kashe Kwamfuta Ba

*Kukan fanka, ƙurar hunturu da sakacin masu saye a Ikara, Maƙarfi da Kudan*

Duk kwamfutar teburin da ta mutu a Ikara, Maƙarfi ko Kudan, kafin mai gyara ya kwance kusa ɗaya an riga an yanke hukunci: wuta ce ta ƙona ta. Hukuncin yana da sauƙin yankewa, domin wanda ake tuhuma ba ya halartar zaman, kuma tarihinsa ba mai kyau ba ne. Shugaban makaranta ya rubuta haka a rahotonsa, mai shagon buga takardu ya faɗa wa abokan cinikinsa haka, ɗan kwangila ya yi hamdala a zuci domin laifi ya bar kansa. Sai a jingine akwatin a lungu, a jira kasafi na gaba.

Wannan hukunci yana ɓoye gaskiyar da ta fi shi ɗaci. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori sun fara mutuwa watanni kafin ranar da suka ƙi tashi, tun lokacin da fankar fawa-fak ta ɗaga murya aka ɗauki kukanta a matsayin fitina. Wani ya tura akwatin cikin kabad ɗin tebur ya rufe ƙofa. Wani ya lulluɓe shi da zane saboda ƙura. Wani kuma, wanda ya fi kowa ganganci, ya kai wa mai gyara, aka cire wayar fankar, ɗaki ya yi tsit, kowa ya yaba aikin. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Fanka ma ba ta kuka banza, kuma a ƙasar da hunturu ke miƙa wa bazara ƙura, rufe mata baki yanke wa na'ura numfashi ne.

Abin da ke cikin akwatin

Fawa-fak shi ne ƙaramin akwatin ƙarfen da wayar wuta ke shiga a bayan kwamfutar tebur. Aikinsa shi ne karɓar wutar gida, wadda a Najeriya ma'auninta bolt 230 ne, ya mayar da ita ƙananan wutace masu gudana ta fuska ɗaya: bolt 12, bolt 5 da bolt 3.3. Da su firosesa da ma'adana da sauran sassa ke aiki. Siffarsa da ramukan kusoshinsa suna bin tsarin ATX ne da kamfanin Intel ya fitar a 1995.

Babu fawa-fak ɗin da ke miƙa duk abin da ya karɓa. Wani kaso yana zama zafi a cikinsa. Idan kwamfuta tana buƙatar wat 300, kuma fawa-fak ɗinta yana miƙa kashi 80 cikin ɗari, to zai ja wat 375 daga soket, wat 75 su tsaya a cikinsa a matsayin zafi. Idan mai kashi 90 ne, zafin bai wuce wat 33 ba. Idan kuwa irin marar sunan nan ne mai kashi 70, zafin ya kai wat 129. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon ƙwan lantarki mai wat 100 yana kunne ya san abin da ake nufi da kulle irin wannan zafi a cikin gwangwanin da bai kai girman bulo ba.

Saboda wannan ne aka ƙirƙiro shaidar 80 Plus a 2004, wadda ke tabbatar da cewa fawa-fak yana miƙa aƙalla kashi 80 ko da an ɗora masa kashi 20 na ƙarfinsa, ko rabi, ko duka. Daga baya aka ƙara matakai, irin su Bronze da Gold. Amma gwajin ana yin sa ne a ɗaki mai sanyin da bai yi nisa da digiri 23 ba. Wannan lamba tana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya.

Sashen da zafi ya fi ci shi ne kafasita, waɗannan ƙananan gwangwanaye masu ruwan sinadari a ciki. Masu ƙera su suna rubuta musu iyaka, galibi digiri 85 ko 105, tare da adadin sa'o'in da za su jure a wannan zafin, misali sa'a 2,000. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce: duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwarsu biyu, duk ragin digiri 10 yana ninka shi. Kafasita mai iyakar digiri 105 da sa'a 2,000, idan tana zaune a digiri 65, za ta kai sa'a 32,000, wato fiye da shekara goma ga shagon da ke aiki sa'a goma a rana, kwana 300 a shekara. A digiri 75 sai shekarun su koma biyar. A digiri 85 ba za su cika uku ba. Ita kuwa mai iyakar digiri 85, wadda ake cusawa cikin kayan araha, a digiri 75 sa'a 4,000 kawai take da su, shekara guda da 'yan watanni.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, fanka ba ta sanyaya iska. Musanya take yi: ta fitar da mai zafi, ta jawo ta ɗaki. Idan sassan ciki sun ɗara ɗakin da digiri 30, to a ofis mai digiri 22 suna kan 52, a shago mai digiri 40 kuma suna kan 70. Na'ura iri ɗaya, aiki iri ɗaya, amma ta biyun tana tsufa fiye da ninki uku na saurin ta farko.

Yadda damina, hunturu da bazara ke haɗa baki

Masifar wannan yanki tana cikin jerin yadda lokutan shekara ke biyo juna. Daga Nuwamba iskar arewa maso gabas ke fara kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke Chadi, wanda masana ke lissafawa cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya. Ƙurar hunturu laushinta ya wuce na garin alkama, tana ratsa taga a rufe. A kan wannan sai a ƙara ta gida: hanyoyin da ba su da kwalta tsakanin ƙauyuka, motocin rake da na tumatir masu kai da komo a Maƙarfi da Hunƙuyi, ƙaiƙayin sussuka a kaka, da tokar gonakin da aka ƙone. Kwamfutar da ke ajiye a ƙasa tana shaƙar duk wannan sa'a bayan sa'a, domin fankarta ba ta bambance iska da abin da iskar ta ɗauko.

A watannin sanyi ba a ganin illar. Ƙura tana kwanciya a kan faifan ƙarfen da ke zuƙe zafi, tana toshe raga, tana manne wa fikafikan fanka, amma da yake garin da sanyi, na'ura tana jurewa. Sai Maris ya shigo, zafin rana ya haura digiri 35, a Afrilu ya doshi 40. Shagon da ke da rufin kwano ba silin ya fi waje zafi da tsakar rana. A lokacin ne kwamfutar ke fuskantar mafi tsananin zafin shekara sanye da bargon da hunturu ya saƙa mata. Fanka ta ƙara gudu, kuka ya tashi, na'ura ta fara kashe kanta da rana tsaka. Bayan nan damina ta zo da laima, ƙurar da ta rage ta jiƙe ta zama laka mai iya ɗaukar wuta tsakanin wuraren da bai kamata su haɗu ba, ta kuma jawo tsatsa.

Abin mamaki, mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga ilimin iska. Manomin tumatir a Kudan ba ya zuba kayansa a leda ya ƙulle, kwando yake nema. Mai albasa ya san ɗakin ajiyar da iska ba ta ratsawa asara ce. Maginan da suka gina zauruka da ƙasa da azara sun samar da sanyin da ginin bulo da kwano bai taɓa kaiwa ba. Ilimin yana nan. Da an zo kan kwamfuta sai a ajiye shi a bakin ƙofa, kamar ita ba ta cikin abubuwan da zafi ke lalatawa.

Shawarar da aka haifa a ƙasar sanyi

Mai ilimin da ya shiga YouTube neman maganin kukan fanka zai tarar da duniya guda ta masu son shiru. Shawarwarinsu ba ƙarya ba ne, sai dai an auna su a ɗakunan Jamus da Kanada da Ingila. Za su ce a sayi akwati mai rufaffiyar fuska da soso a ciki don ya shanye ƙara. Za su ce a rage gudun fankoki. Za su yaba fawa-fak ɗin zamani da fankarsa ke tsayawa cik sai nauyi ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. A ɗaki mai digiri 20, da iska marar ƙura, duk wannan yana da ma'ana, domin akwai rarar sanyin da za a iya sayar da ita a sayi shiru.

A Paki ko Gazara cikin watan Afrilu babu wannan rarar. Wanda ya kwafi tsarin ya biya kuɗin shirun da shekarun na'urarsa. Gaskiya ne cewa fawa-fak mai kyau yana lura da zafinsa, yana tayar da fankar idan abin ya yi yawa. Amma tsakanin "bai kai ga haɗari ba" da "yana cikin sanyi" akwai tazarar digiri goma ko fiye, kuma lissafin kafasita ya nuna abin da digiri goma ke ci. Da yawa daga cikin irin waɗannan fawa-fak suna da maɓalli a baya na kashe wannan tsari, fankar ta riƙa juyawa a hankali koyaushe. A wannan yanki, danna maɓallin nan shi ne hankali.

Haka batun inda fankar za ta fuskanta. Akwatunan zamani suna ajiye fawa-fak a ƙasa, kuma shawarar da aka saba ji ita ce a kifa fankarsa ta dubi ƙasa don ta sha iskar waje. Wannan daidai ne idan akwai raga mai tace ƙura a ƙarƙashi, akwatin yana da ƙafafu, kuma yana kan tebur ko katako. Idan yana kan siminti a shagon da ake shara sau biyu a rana, ya zama tsintsiyar lantarki. Idan yana kan darduma ko kafet, an toshe masa hanci. Tsofaffin akwatuna kuwa, waɗanda fawa-fak ɗinsu ke sama, iskar da firosesa ya riga ya dafa suke ba shi. Irin waɗannan suna buƙatar ƙarin fanka a baya da za ta raba masa aikin fitar da zafi, da wata a gaba mai shigo da iska ta cikin raga. Idan iskar da ake turawa ciki ta ɗan fi wadda ake zuƙewa, sauran za ta riƙa fita ta ramuka maimakon ƙura ta riƙa shiga ta cikinsu.

Ba a ce a rungumi hayaniya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin aji ta wuce desibel 35 lokacin darasi, kuma ɗaki mai kwamfuta arba'in masu gurnani ba wurin karatu ba ne. Hanyar samun shiru ta halal sananniya ce. Fanka mai faɗin milimita 120 tana da fili fiye da ninki biyu na mai 80, don haka tana tura iska iri ɗaya da gudun da bai kai na ƙaramar ba. Rage gudun fanka da rabi yana rage ƙararta da kimanin desibel 15, alhali ragin desibel 10 kaɗai kunne yana jin sa kamar an raba ƙara biyu. Ma'ana, a rage zafin da ake samarwa, a buɗe hanyar iska, a girmama fankar, sai ta yi shiru da kanta domin ba ta da abin yi wa kuka.

Kowane kuka da ma'anarsa

Makanikin da ya ƙware yana gane ciwon mota daga sautin inji. Mai gyaran kwamfuta da ba ya iya haka bai gama koyo ba. Huci mai ɗorewa kamar iska a ganye lafiya ce. Hucin da ke ƙaruwa da rana ya ragu da dare zafi ne, maganinsa shara da sarari. Gurzawa ko karkarwa, musamman da safe kafin na'ura ta ɗumama, alamar boris ɗin fanka ne ya bushe. Fankokin araha sanda ce ke juyawa cikin bututu mai ɗan mai, zafi yana busar da man, ƙura tana mayar da ragowar kamar yashi. Ƙas-ƙas mai tsari waya ce ke taɓa fiffike. Siririn kuka irin na gyare daga naɗaɗɗun wayoyin ciki yake fitowa, kuma yakan tsananta idan ana aiki da inbata ko UPS mai fitar da wuta mai gargada. Rawar da ke sa tebur amsa amo kusa ce ta kwance.

Mafi haɗari shi ne shirun da ya zo ba zato. Tsohuwar kwamfutar da ta shekara tana gurnani, ta wayi gari tsit, ba warkewa ta yi ba. Gwajin bai fi daƙiƙa biyar ba: a riƙe siririyar takarda a bayan ragar fawa-fak. Idan ba ta motsa ba, a kashe na'urar nan take.

Ga masu gyaran da ke cire wayar fanka, ko su cusa mata tsinke, ko su ɗiga mata man gyaɗa su karɓi kuɗin aiki, babu wata kalma mai laushi. Sun sayar wa mutum asara a cikin rigar gyara. Man girki yana daskarewa ya kama ƙura, bayan makonni fankar ta tsaya gaba ɗaya. Shi kuma mai na'urar da zai buɗe fawa-fak da kansa ya sani cewa babbar kafasitar ciki tana tara wutar da ta haura bolt 300, a na zamani ta doshi 400, kuma tana iya riƙe ta bayan an zare waya. Sauya fankar ciki aikin ƙwararre ne.

Takardar kwangilar da ba ta san fawa-fak ba

Laifin mai shago ƙarami ne idan aka gwada shi da na masu saye da kuɗin jama'a. Duk wanda ya taɓa duba takardar sayen kwamfutoci ta ofis ko makaranta ya san jerin: nau'in firosesa, girman ma'adana, faɗin allo. Da wuya a ga layi ɗaya kan fawa-fak, balle kan ɗakin da za a zuba na'urorin. Ɗan kwangila ba wawa ba ne. Abin da ba a rubuta ba shi ne wurin cin riba. Sai ya haɗo firosesa mai suna da fawa-fak marar nauyi kamar gwangwanin madara, an manna masa takarda mai cewa wat 500 ko 650. Jagorar Intel ta tanadi fawa-fak ya iya aiki da cikakken nauyi har zuwa digiri 50. Masu kirki suna rubuta ƙarfinsu a digiri 40 ko 50. Na banza suna auna nasu a digiri 25, in ma sun auna. Araha ba ta ado.

Su kuwa na hannu da ke biyowa ta Ikeja da Alaba zuwa titin Beirut a Kano ko PZ a Zariya, hukuncinsu ya rabu biyu. Wani binciken Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a tashoshin ruwan Legas ya ƙiyasta cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarkin hannu duk shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Duk da haka, tsohuwar kwamfutar ofis ta Dell, HP ko Lenovo sau da yawa fawa-fak ɗinta ya fi sabon marar suna inganci. Matsalarta shekaru ne: man fankarta ya tsufa, kafasitocinta sun ci rabin rayuwarsu a wata ƙasa, kuma siraran cikinsu ƙananan fankoki ne da su masu saurin ɗaga murya. Saye ne mai kyau ga wanda zai share ta ya duba fankarta kafin ya ɗora mata aiki.

Wannan magana ta wuce ta 'yan koyo, domin makomar yara ta rataya a kanta. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma tana neman kowace cibiya ta mallaki aƙalla na'ura 250 tare da wasu na ko-ta-kwana. Tun 2021 ba a rajistarta sai da lambar NIN, wadda ita ma a gaban kwamfuta ake samun ta. WAEC ta fara gwada tsarin a farkon 2024 ga masu zana jarrabawa daga waje, kuma a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya bayyana cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta a 2026. Ko an cika wa'adin ko an ɗaga shi, alƙiblar a fili take: makarantun Auchan, Gimi da Likoro za su buƙaci ɗakunan kwamfuta, in ba haka ba 'ya'yansu su ci gaba da hawa mota zuwa Zariya ko Kano da asuba.

A duba kalanda. A 2024 da 2025 an fara jarrabawar JAMB ne a rabin ƙarshe na Afrilu, ƙololuwar bazara. A duba lissafi kuma. Kwamfuta 250, kowace da allonta suna jan wat 100, suna zuba kilowat 25 na zafi cikin zaure. Jikin mutum a zaune yana fitar da kusan wat 100, don haka ɗalibai 250 sun ƙara wani 25. Kilowat 50 ke nan, daidai da kunna rishon lantarki hamsin a ɗaki guda. Na'urar da ta kashe kanta a wannan zaure tana tafiya da mintunan yaron da iyayensa suka sayar da buhun masara suka biya masa rajista. Wanda ya sa hannu a takardar saye ba ya wurin a ranar.

Uzurin wuta

Za a ce wutar ai da gaske ba ta da kyau. Haka ne. Layukan karkara suna zuwa da wuta mai rauni, ana ɗaukewa ana kawowa ba sallama, kuma a ƙarshen Oktoban 2024 yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layuka. Tsawa da hauhawar wuta suna ƙona na'ura lafiyayyiya cikin ƙiftawar ido, babu fankar da za ta hana.

Sai dai wannan hujja tana ƙarfafa batun ne. Idan wuta ta yi ƙasa, fawa-fak yana ƙara jan ta don ya cika abin da ake nema, sassansa na shiga su ƙara zafi. Kafasitar da zafi ya busar ba ta iya riƙe na'ura na ɗan ƙiftawar da ake buƙata kafin UPS ya karɓa, ba ta kuma iya shanye ƙananan girgizar da sabuwa za ta shanye ba a sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wuta ce ke kai bugun ƙarshe, amma wanda ta tarar a kwance take bugu.

Akwai kuma kuɗin mai. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, duk wat ɗin da ya zama zafi a shagon da ke kan janareta sayen sa aka yi da tsada. Kwamfuta ashirin, kowace tana buƙatar wat 100: da fawa-fak mai kashi 70 kowace za ta ja 143, da mai kashi 88 za ta ja 114. Bambancin ya kai wat 580 a tsawon yinin aiki. Ga mai sola, wannan faifai ne da batir da aka saya don ɗumama ɗaki a bazara. Inda aikin bai wuce rubutu da rajista ba, ƙananan kwamfutoci da na cinya masu jan wuta kaɗan sun fi dacewa da yankin, ko da yake su ma hancinsu yana toshewa.

Abin da ya rage

Yawancin gyaran ba ya cin kuɗi. A ɗaga akwatin daga ƙasa. A bar masa aƙalla taƙi guda tsakaninsa da bango, kada a kulle shi a kabad. Zanen rufi na bayan an kashe ne, an bari ya huce. A yayyafa ruwa kafin shara, na'urori suna kashe. A hure ƙura sau uku a shekara: farkon hunturu, tsakiyarsa, da ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya sauka, wanda shi ne mafi muhimmanci. A yi shi a waje da bulowa, an zare waya, an tare fikafikan fanka kada iska ta juya su fiye da kima. Ba a hurawa da baki, saboda laima.

Wanda ya rage na masu riƙe da biro ne. Jihar Kaduna tana da dokar sayen kayan gwamnati tun 2016 da hukumar da ke kula da ita. Babu abin da ya hana ma'aikatar ilimi, ƙananan hukumomin uku, 'yan majalisar da ke kawo ayyukan mazaɓu, da masu makarantun kuɗi su ƙara layi huɗu a takardunsu: fawa-fak mai shaidar 80 Plus da za a iya tantancewa a jerin masu ba da shaidar, ƙarfin da aka auna a digiri 40 ko sama, ragar ƙura mai cirewa, da kuɗin shara na shekara uku a cikin kwangilar. A kuma duba ɗakin kafin kayan: silin, tagogi masu fuskantar juna, fankar bango mai fitar da iska. Kada a biya ɗan kwangila kason ƙarshe sai na'urorin sun ƙetare Afrilu guda suna aiki.

Bikin buɗe ɗakin kwamfuta yana da mai ɗaukar hoto da mai yanka zare. Sharar ƙarshen Fabrairu ba ta da kowa, shi ya sa ba a yin ta. Shugaban da ke son sanin ko ɗakin makarantarsa zai kai jarrabawar baɗi ba ya buƙatar kwamiti. Ya shiga da tsakar rana, ya sa a kashe janareta na minti ɗaya idan akwai batir, ya saurara, sannan ya bi bayan akwatunan ɗaya bayan ɗaya da 'yar takarda a hannu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.